Florence Nightingale: Matar da ta ƙidaya mamatan asibitinta, ta sauya yadda ake tsaftace asibitoci

Kowace shekara, ranar 12 ga watan Mayu, ma'aikatan jinya a Garwa da Marwa da Ngaundere kan bi sahun takwarorinsu na sauran ƙasashe wajen bikin ranar da duniya ta ware musu. An zaɓi wannan rana ne domin a cikinta aka haifi Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da ake ɗauka a matsayin uwar aikin jinya na zamani. Hoton da aka fi saninta da shi shi ne na mace riƙe da fitila tana zagaya gadajen sojoji da tsakar dare. Ta kuwa yi wannan zagaye. Sai dai a watannin farko da take yin sa, mutuwa ƙaruwa ta yi ta yi a asibitin, har ta kai mutum 4 cikin kowane 10. Abin da ya dawwamar da sunanta a fannin lafiya shi ne abin da ta yi bayan ta gane haka: ta zauna ta ƙidaya mamatan, ta gano abin da ya kashe su, sannan ta ƙarar da sauran rayuwarta tana matsa wa asibitoci lamba su riƙa auna tsaftarsu da alƙaluma.

Ɗiyar masu hali

An haife ta ranar 12 ga Mayun 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta, William da Frances Nightingale, ke doguwar tafiya a Turai. Shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. Gidansu gidan dukiya ne, suna da katafaren gida a Derbyshire da wani a Hampshire. Mahaifinta da kansa ya karantar da ita da yayarta Parthenope harsunan Latin da Girkanci da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, haɗe da tarihi. Lissafi kuwa ita ta nace sai an koya mata, duk da cewa a wancan zamani ba a ɗauke shi karatun 'ya mace ba.

A watan Fabrairun 1837, tana 'yar shekara 16, ta ji a ranta cewa Ubangiji ya kira ta zuwa wata hidima. Ta ɗauki shekaru kafin ta tabbatar cewa hidimar ita ce jinyar marasa lafiya. A 1845 ta nemi izinin iyayenta ta je koyon aiki a asibitin Salisbury, suka ƙi ƙememe. Ƙin nasu yana da dalili. Asibitin Ingila na wancan lokaci wurin talakan da ba shi da mai duba shi ne. Mai hali a gidansa ake jinyarsa. Gadaje a cunkushe suke, tagogi a rufe, sau da yawa akan kwantar da sabon majinyaci a kan zanen da wani ya tashi daga kai. Matan da ke aikin jinya kuma ba su da horo, ga su da ƙaurin suna wajen shan giya.

Da aka hana ta shiga asibiti, sai ta koma karanta asibiti. Takan tashi da asuba ta duƙufa a kan rahotannin hukuma game da asibitoci da lafiyar jama'a, tana kwafe alƙaluma tana jera su. A 1849 ta ƙi auren Richard Monckton Milnes, wanda ya daɗe yana nemanta. A ƙarshen wannan shekara ta tafi Masar, ta bi kogin Nilu, ta kuma ga aikin sistocin cocin Katolika a Iskandariyya. A 1851 ta yi wata uku tana koyon jinya a cibiyar Kaiserswerth ta Jamus, a 1853 kuma ta zagaya asibitocin birnin Faris. A watan Agustan wannan shekara aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley na Landan. Mahaifinta ya yanka mata fam 500 a shekara, abin da ya ba ta damar tsayawa da ƙafarta. Ayyukanta na farko a can sun nuna inda hankalinta yake: ta sa aka jawo ruwan zafi ta bututu zuwa kowane bene, aka kuma saka ƙararrawar da majinyaci zai kira mai jinya da ita.

Barikin da aka mayar asibiti

A watan Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna mara wa Daular Usmaniyya baya a kan Rasha. Bayan gumurzun Alma a watan Satumba, jaridar The Times ta Landan ta fara buga rahotannin yadda sojojin Ingila da suka ji rauni ke mutuwa babu ko ƙyallen ɗaure ciwo. Abin da ya ƙara tunzura jama'a shi ne jin cewa sojojin Faransa suna da sistoci masu jinyarsu. Sidney Herbert, ministan da ke kula da kuɗi da gudanarwar soja, wanda ya san Nightingale tun haɗuwarsu a Rum shekaru bakwai da suka gabata, ya roƙe ta ta jagoranci tawaga. Ranar 21 ga Oktoban 1854 ta bar Landan da mata 38, suka bi ta Faris da Marseille, suka isa Scutari ranar 4 ga Nuwamba. Wurin shi ne unguwar Uskudar ta birnin Istanbul a yau.

Asibitin wani ƙaton barikin sojan Turkiyya ne. Daga fagen fama ake ɗebo majinyata a jirgin ruwa, su ƙetare Bahar Aswad, su yi kwanaki a kwance cikin jini da gudawa kafin su iso. Washegarin isowarta aka gwabza yaƙin Inkerman, sai marasa lafiya suka yi ta kwarara har layin shimfiɗu ya kai kusan kilomita 6 in aka jera. Daɓen katako ya ruɓe, ɓeraye na yawo, ƙwarƙwata ta cika tufafi. Masai sun toshe, don haka aka ajiye manyan baho a cikin ɗakuna, su wuni su kwana ba a zubar ba. Sabulu da tawul da daro duk sun yi ƙaranci.

Da farko likitocin soja ba su yi maraba da ita ba. Ita kuma ta hana matanta taɓa kowane majinyaci sai likita ya nema, har sai da aiki ya fi ƙarfin likitocin suka nemi taimako da bakinsu. Daga cikin abubuwan da ta fara saye akwai buroshin wanke daɓe guda 200 da tsummokin goge ƙasa. Ta tsaya a kan ma'aikata har aka riƙa fitar da bahon nan a kan lokaci. Ta kama hayar gida a kusa, ta sa aka girka tukwanen tafasa ruwa, ta ɗauki matan sojoji aikin wanki. Da kuɗin da masu karanta The Times suka tara da nata na aljihu ta sayo riguna da safa da kwanoni daga kasuwar Istanbul. Ta buɗe ɗakin girki na musamman ga waɗanda ba sa iya cin abincin bariki. Da dare, bayan an sallami kowa, takan ɗauki fitila ta zagaya.

Duk da wannan ɗawainiya, mutuwa ba ta ragu ba. A hunturun farko sojoji 4,077 suka mutu a Scutari. Waɗanda cuta ta kashe, wato atini da amai da gudawa da zazzaɓin taifot da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, sun ninka waɗanda raunin yaƙi ya kashe kusan sau goma. A watan Fabrairun 1855 adadin mutuwa ya kai kimanin kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka yi jinya. A lokacin ta fi ɗora laifin a kan yunwa da sanyi da gajiyar da sojojin ke isowa da su, da kuma sakacin masu rabon kaya. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba su ne cikon labarin ba.

Abin da ke ƙarƙashin daɓe

A ƙarshen Janairun 1855 gwamnatin Ingila ta faɗi saboda yadda ta tafiyar da yaƙin. Sabuwar gwamnatin Palmerston ta tura kwamitin tsafta mai mutum uku: Dokta John Sutherland, Dokta Hector Gavin da injiniya Robert Rawlinson, tare da masu duba tsaftar gari da aka ɗauko daga Liverpool. Suka iso a watan Maris, kuma an ba su ikon aiwatarwa, ba na rubuta rahoto kaɗai ba.

Abin da suka tarar ya wuce abin da buroshi zai iya. An gina barikin ne a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, iska na turo warinsu ta bakin masai zuwa cikin ɗakunan majinyata. A hanyar da ruwan sha ke bi suka tsinci mushen doki. Suka buɗe magudanan suka wanke su da ruwa mai yawa, suka kwashe ɗaruruwan amalanke na shara da mushen dabbobi, suka huda rufi da tagogi don iska ta ratsa, suka shafe bango da farar ƙasa, suka cire katakan da ɓeraye ke ɓuya a ƙarƙashinsu, suka rage cunkoson gadaje. Mafi muhimmanci, sun sa masu dubawa suna zagayawa kullum suna rubuta abin da aka yi da abin da ba a yi ba. Zuwa watan Yuni mutuwa ta sauko kusan kashi 2 cikin 100. Shigowar bazara da ingantuwar abinci sun taimaka, amma saurin saukar ya nuna inda babbar matsalar take.

Hunturu na biyu ya ƙara fito da darasin fili. Sojojin Ingila, da aka gyara musu masauki da magudanai da abinci, suka wuce shi cikin ƙoshin lafiya. Sojojin Faransa, waɗanda a farkon yaƙi ake kwatance da tsarinsu, zazzaɓin ƙwarƙwata ya yi musu mummunar ɓarna a sansanoni da asibitoci masu cunkoso. Faransa ta rasa mutum kimanin 95,000 a yaƙin, mafi yawansu cuta ce ta kashe su.

Ita kanta Nightingale ba ta tsira ba. A watan Mayun 1855, a ziyararta ta farko zuwa Kirimiya, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita har aka fid da rai. Masana da dama a yau suna ganin cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nono ce. Ta tashi ta ci gaba da aiki har yaƙi ya ƙare, ta koma gida a watan Agustan 1856 a ɓoye, da sunan aro, don guje wa taron tarba.

Lissafin da ya tona asiri

Ta dawo a matsayin mace mafi farin jini a Ingila bayan Sarauniya Victoria, ta kuma yi amfani da wannan farin jini ta nemi a yi bincike. A watan Satumban 1856 ta gana da Sarauniya a Balmoral, a 1857 kuma aka kafa hukumar binciken lafiyar soja ƙarƙashin Sidney Herbert. Kasancewarta mace ya hana ta zama mamba, amma a ɗakinta ake shirya yawancin hujjojin.

A nan ta haɗu da William Farr, likitan da ke kula da alƙaluman haihuwa da mutuwa na Ingila. Suka zauna watanni suna tace rajistocin yaƙin, asibiti bayan asibiti, wata bayan wata. Sakamakon ya yi ɗaci. Sojojin Ingila da cuta ta kashe sun haura 16,000, waɗanda suka mutu a fagen fama ko saboda rauni kuwa ba su kai 5,000 ba. Sannan a hunturun farko, asibitocin Scutari inda take aiki suna cikin wuraren da aka fi mutuwa. Masana tarihi sun saɓa a kan yadda wannan ya taɓa zuciyarta, amma abin da ta yi da shi a bayyane yake. Ba ta ɓoye alƙaluman ba, ba ta kuma karɓi yabon saukar mutuwar ba. Ta jingina shi ga aikin kwamitin tsafta.

Ta rubuta rahoto mai shafi sama da 800 a 1858. Da ta san manya ba za su karanta jadawalin lambobi ba, sai ta zana su. Ta yi da'ira ta raba ta gida 12, kowane gida wata guda, faɗinsa gwargwadon yawan mamata: shuɗi ga cututtukan da za a iya kaucewa, ja ga raunin yaƙi, baƙi ga sauran dalilai. Duk wanda ya kalli zanen zai ga shuɗin ya haɗiye sauran launukan, sannan ya tsuke bayan watan Maris na 1855. Ta kuma nuna cewa ko a lokacin zaman lafiya, matasan sojoji a barikokin Ingila suna mutuwa kusan ninki biyu na sa'o'insu farar hula. A wannan shekara ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa a matsayin mamba.

Ƙa'idojin ɗakin majinyata

Daga 1857 rashin lafiya ya tsare ta a ɗaki, sau da yawa a kan gado. Daga nan ta yi ta aiki da alƙalami. A 1859 ta fitar da littattafai biyu, Notes on Hospitals da Notes on Nursing. Na farkon ya ginu ne a kan abin da ta gani da idonta, cewa asibiti da kansa yana iya kashe wanda ya zo neman magani. Ta goyi bayan tsarin da ta yaba a asibitin Lariboisière na Faris: dogayen ɗakuna a ware da juna, kowanne da gadaje kimanin 30, tagogi suna fuskantar juna don iska ta ratsa, masai a can ƙarshe. An gina asibitoci masu yawa a kan wannan tsari a Turai da ƙasashen da ta mallaka.

Na biyun ya sauko kan ƙananan abubuwa. Ta yi bayanin cewa kaɗe ƙura da busasshen tsumma sauya mata wuri ne kawai, a cire ta sai da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ƙi darduma da takardar manna wa bango a ɗakin majinyaci domin suna riƙe datti, ta fi son bango da daɓen da ba sa shan ruwa, waɗanda za a iya wankewa. Ta ce a fitar da tukunyar bayan gida nan take a rufe, a wanke ta, kada a tura ta ƙarƙashin gado. Ta ce a riƙa shanya shimfiɗa, mai jinya kuma ta riƙa wanke hannu a kai a kai cikin yini. Ta kuma jaddada cewa aikin shugabar ɗaki ya wuce ta yi abu da hannunta. Sai ta tsara yadda za a yi shi ko ba ta nan.

A 1860 ta gabatar wa taron masana ƙididdiga na duniya a Landan wata takardar cikewa ta bai ɗaya, wadda kowane asibiti zai riƙa rubuta waɗanda aka kwantar, ciwonsu, kwanakin da suka yi da yadda suka ƙare, domin a iya kwatanta asibiti da asibiti. Wasu asibitocin Landan suka gwada, daga baya suka watsar saboda wahalar cikewa. A wannan shekara, da kuɗi kimanin fam 44,000 da jama'a suka tara da sunanta, aka buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ɗalibai 15. Ɗalibanta suka bazu har Ostareliya da sauran ƙasashe suna kafa irin wannan horo.

Ranar da aka rufe ɗakin haihuwarta

Gwaji mafi tsanani ga aƙidarta ya zo ne daga aikinta na kanta. Da wani kaso na kuɗin nan aka buɗe ɗakin haihuwa da koyar da ungozoma a asibitin King's College na Landan. Bayan 'yan shekaru zazzaɓin bayan haihuwa ya fara ɗaukar mata, musamman a 1867. Da aka haɗa lissafi, mata kimanin 33 cikin kowace 1,000 da suka haihu a ɗakin sun mutu, adadin da ya ninka na masu haihuwa a gida sau da yawa. Ɗakin yana cikin babban asibiti ne, kusa da masu ciwuka iri-iri, bai kuma yi nisa da wurin binciken gawa ba. Aka rufe shi a ƙarshen shekarar, ita kuma ba ta nemi a rufa wa sunanta asiri ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Maimakon ta bar maganar ta mutu, ta bi diddigin alƙaluman ɗakunan haihuwa na Ingila da Turai, ta wallafa sakamakon a 1871. Ta nuna cewa inda aka cunkusa masu jego, aka haɗa su da sauran majinyata, ɗaliban likita suna shige da fice, nan aka fi mutuwa. Ta ba da shawarar ƙananan ɗakuna a ware, waɗanda za a riƙa kwashe kowa daga ciki lokaci-lokaci a wanke su tas.

Inda ta yi kuskure

Shekaru da dama Nightingale ta yi imani cewa gurɓatacciyar iska da wari ne ke haifar da cuta, kamar yadda yawancin likitocin zamaninta suka ɗauka. Ta daɗe tana shakkar batun ƙwayoyin cuta, ko bayan aikin Louis Pasteur a Faransa da na Joseph Lister, wanda ya fara amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta a tiyata a shekarun 1860. Sai a shekarun 1880, zamanin da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar amai da gudawa, ta karɓi sabon ilimin. Bayaninta na dalili bai yi daidai ba, amma maganin da ta bayar, wato ruwa mai tsabta, magudanai, wanki, iska da tazara tsakanin gadaje, ya yi aiki, kuma alƙaluma ne suka riƙe ta a kan hanya.

Ita 'yar zamanin mulkin mallaka ce, ba ta kuma ƙalubalanci tushensa ba. Aikinta a kan Indiya ya fara ne da lafiyar sojojin Ingila, waɗanda ke mutuwa 69 cikin 1,000 a shekara. Zuwa 1873 adadin ya sauko 18. Daga baya ne ta juya ga ruwan sha da tsaftar ƙauyukan Indiyawa da matsalar yunwa. A 1863 ta tattara alƙaluman makarantu da asibitocin 'yan ƙasa a yankunan mulkin Ingila, har da gaɓar Afirka ta Yamma da Natal, ta nuna yara na mutuwa fiye da kima, sai dai kalmomin da ta siffanta mutanen da su na raini ne irin na Turawan lokacin. Akwai kuma Mary Seacole, 'yar Jamaika mai jinin Afirka, wadda ta nemi shiga aikin jinyar yaƙin ba a ɗauke ta ba, ta je Kirimiya da kuɗinta ta taimaki sojoji. An daɗe ba a ba ta haƙƙinta a tarihi ba.

A 1883 Sarauniya Victoria ta ba Nightingale lambar girma ta Royal Red Cross, a 1907 kuma ta zama mace ta farko da aka ba lambar Order of Merit, lokacin idonta ya riga ya tafi. Ta rasu cikin barci a gidanta na Landan ranar 13 ga Agustan 1910, tana da shekara 90, a zamanin da Garwa ke hannun Jamusawa. Danginta suka ƙi tayin binne ta a Westminster Abbey, inda ake binne manyan Ingila, bisa wasiyyarta. Aka kai ta maƙabartar cocin East Wellow kusa da gidan iyayenta, aka rubuta haruffa biyu na farkon sunanta da shekarun haihuwa da rasuwa.

Daga Scutari zuwa bakin Binuwai

Matsalar da ta yi fama da ita tana nan da ranta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa cikin kowane majinyata 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kan kamu da wata cutar da ba su zo da ita ba, kuma kusan 1 cikin 10 na waɗanda suka kamu kan mutu. Rahoton ya ce tsaftar hannu da sauran matakan kariya na iya hana kashi 70 cikin 100 na wannan. A shekarar kuma hukumar da UNICEF suka bayyana cewa rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu.

Arewacin Kamaru ya san wannan a jikinsa. Cutar amai da gudawa, ɗaya daga cikin waɗanda suka addabi sojojin Kirimiya, ta shigo ƙasar tun 1971. A 2010 ta ɓarke daga jihar Arewa Mai Nisa ta bazu, ta kama mutum sama da 10,000 a faɗin ƙasa, ta kashe fiye da 600. A cibiyoyin jinyar wannan cuta, rai yana rataye ne a kan awo: ruwan Javel mai ƙarfin kashi 0.05 cikin 100 don wanke hannu, 0.2 don daɓe da gadaje, 2 don amai da bayan gida da gawa. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, yana saurin kashe ƙarfin wannan haɗi, don haka sai an sabunta shi a kai a kai an kuma rubuta lokacin. Ƙurar hunturu tana sauka a kan tiren kayan aiki kamar yadda take sauka a tsakar gida, kuma har yau jiƙaƙƙen tsumma ne maganinta.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ɗakin majinyata ƙimar ido ba ta wadatarwa, domin daɓe na iya ƙyalli alhali ƙarfen gefen gado da mariƙin ƙofa da sandar rataye ruwan ƙari, inda hannaye suka fi taɓawa, suna ɗauke da cuta. Shi ya sa ƙa'idojin yau suka tanadi jadawalin da ke nuna wa zai goge me, sau nawa, da wane tsumma, daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti. Wasu asibitoci kan ɗiga wani ruwa da ido ba ya gani a kan irin waɗannan wurare, bayan an gama shara a haska fitila ta musamman a ga ko an goge. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da tsarin WASH FIT, wanda ko ƙaramar cibiyar lafiya ta ƙauye za ta iya bi ta auna ruwanta da masanta da shararta, ta gyara, ta sake aunawa. Garwa kuma tana da reshen Cibiyar Pasteur da tsangayar koyon aikin likita, abubuwan da Scutari ba ta taɓa mafarkinsu ba.

Sauran aikin yana hannun mutanen da ba a cika ambato ba a ranar 12 ga Mayu: masu shara da goge-goge, waɗanda galibi ba a ba su horo, masu wanki, mai gyaran famfo, da 'yan uwan majinyaci da ke kwana a gefen gado suna zubar da tasa. A Scutari ma irinsu ne suka kwashe shara suka buɗe magudanai, wani yana biye da su da littafi yana rubutawa, har mutuwa ta sauko daga kashi 42 zuwa 2 cikin wata huɗu.